Ƙafar Maigida da Hanyar Bakin Bahar

Ni ba mai fita ba ce. A unguwar Tandabawi aka haife ni, a Ka'akiyya nake tsufa, kuma in ka cire Harami da gidan biki da gidan rasuwa, ƙafata ba ta san wani wuri a Makka ba. Jidda ga ta nan kusa, amma har na aurar da 'yata can ban taɓa ganin bahar ba sai a talabijin. Ba na jin kunyar faɗa. Ɗakina ya ishe ni, tukunyata ta ishe ni, maƙwabta suke kawo min labarin duniya har ƙofa, ni kuwa in na ji magana sau ɗaya ta zauna ke nan. Abin da ya fitar da ni har bakin ruwa, ƙafar maigidana ce.

Maigida tura arabiyya ya yi duk rayuwarsa. Arabiyya ita ce keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Ubansa ma da ya zo ta Sudan, ɗaukar alhazai ya yi a kan gadon katako, tun kafin keken ya yawaita. In lokacin Hajji ya zo ko azumi, maigida sai ya fita tun asuba, ya dawo ƙafafu a kumbure. In dafa ruwa, in zuba gishiri a roba, ya tsoma su. Yana tsome yana ba ni labari. Tsohuwar Turkiyya da ta riƙe masa hannu tana kuka har Marwa. Dattijon Indonesiya da ba shi da nauyi, kamar ka ɗora kaza. Wani Bakano mai tumbi da ya yi ta ciniki cikin Larabcin da ya haddace a jirgi, sai da aka gama maigida ya ce masa, "Alhaji, Allah ya karɓa," mutumin ya kusa faɗowa daga keken. Har muryoyinsu yake kwaikwaya. Ni da ban je ko'ina ba, a bakin robar nan na san mutanen duniya.

Sai ciwon sukari ya kama shi. Da farko bai ɗauke shi komai ba, shayinsa yana nan da zaƙinsa. Daga baya ya fara cewa yana ji kamar auduga yake takawa. Wata safiya na ga jini a kan kafet, na bi sawu har inda yake zaune, ashe ƙusa ce ta soke shi a ɗan yatsan ƙafa bai ma sani ba. Ciwon ya daɗe bai rufe ba. Aka ce ya bar aiki ya huta, ya naɗe arabiyyarsa ya jingine ta bayan ƙofa. Ciwon ya zo ya warke, amma shi bai tashi ba.

Zama ya yi irin wanda ban taɓa gani ba. Daga gado sai kujerar da ke gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, inda sanyi ke bugowa. Ya kunna tashar da ke nuna Harami, ya zuba ido. Ni na san ba masu ɗawafi yake kallo ba, masu turi yake nema a gefen hoton. Salla a zaune. Abokan aikinsa sun yi ta zuwa da farko, su zauna su sha gahawa, shi kuwa daga "lafiya" sai "alhamdu lillahi". Suka gaji suka rage zuwa. Mutumin da in ya fara labari sai tuwo ya huce, ya koma sai in yi magana sau uku kafin ya ce "uhm".

Daktorar da ke duba shi a asibitin unguwa 'yar Masar ce, mace mai faɗin gaskiya. Ranar da ta tsorata ni, ta ɗora yatsunta a bayan ƙafarsa ta hagu tana neman bugun jini. Ta nema nan, ta nema can, ta daɗe. Sannan ta cire tabarau ta ce masa, "Ya hajj, jini ba ya sauka yadda ya kamata. Magani kaɗai ba zai yi ba. Sai ka yi tafiya kullum. In ka ci gaba da zama, hanyoyin za su toshe, ƙafar ta yi baƙi, kuma in ta yi baƙi yankewa ake yi." Ta juyo gare ni ta ce in riƙa duba tafin ƙafarsa kowace safiya, kuma kada ya taka ƙasa ba takalmi, ko da zuwa banɗaki ne, don ko wuta ya taka ba zai ji ba. Aka ba shi wasu baƙaƙen takalma masu nauyi, ciki laushi. Ya juya su ya ce kwale-kwale ne.

Daga ranar na rasa sukuni. Da safe in durƙusa in ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, in buɗe tsakanin yatsu. Ta dama da ɗuminta. Ta hagu kuwa sanyi, kamar an ajiye ta daban, farcen ya fara launin toka. Na shafa man zaitun, na shafa habbatus sauda, na tofa a Zamzam na wanke. Duk wadda ta ce ga abin da aka yi wa wane, sai na yi. Amma abin da daktora ta ce, shi ne na kasa sa shi.

"Maigida, je ka sayo mana burodin tamis, ga shagon nan a ƙasa."

"Shinkafar jiya ta ƙare ne?"

"To masallaci fa? Ana kira."

"Kin san hawan da ke tsakaninmu da shi. Allah ya san uzurina."

"Mu je Harami. Ƙasa a shimfiɗe, ga sanyi, ga lada. Ko zagaye ɗaya ne."

Nan ya kalle ni, kallon da ya daɗe bai yi min ba. Ya ce, "In je ina jan ƙafa, yaran da na koya wa riƙon arabiyya su gan ni? Wani ya gangaro ya ce, hau, ya amm, yau kyauta ne? Ke kin san abin da kike cewa kuwa?"

Na ce to ya zaga bayan gida kawai, ya je ƙarshen layi ya dawo.

"In je in yi me? Wa ya aike ni? Namiji ya fita hannu rabbana ya yi ta kai da komowa kamar wanda aljanu suka taɓa. Ni tunda nake ban taɓa tafiya ba dalili ba."

"Ƙafarka ce dalilin."

"Ƙafar nan ta yi tafiyar da ta ishe ta har Lahira."

Na yi lallashi, na yi faɗa. Na yi kwana biyu ban ɗora tukunya ba, ya ci dabino ya sha ruwa, ni ce na sare. Na ce masa in aka yanke ba ni zan ɗauke shi ba, ya ce da ma bai roƙe ni ba. Sai in shiga kicin in buɗe famfo don kada ya ji, in yi kukana in wanke fuska. Abin da ke ci na shi ne, ga maganin a fili, ba saya ake yi ba, daga kujera zuwa ƙofa ne, amma na kasa kai shi.

'Yata ce ta kawo maganar Jidda. Ita Hausarta rabi da rabi ce, in ta fara da Hausa sai ta ƙare da Larabci. Ta kira ni ta ce, "Ummi, ki kawo Abuya nan. Akwai mamsha a kornish, hanya ce doguwa a bakin bahar, ba mota, ba hawa. An yi ta don masu tafiya da masu keke. Kowa a wurin tafiya yake yi ba inda za shi, wallahi har tsofaffi. Ba wanda ya san shi, ba wanda zai kalle shi."

Ya ƙi, ya sake ƙi. Sai da ta zo Makka da kanta ta zauna a gabansa ta ce ba za ta koma gidan mijinta ba sai da shi. Ita yana jin kunyarta. Ya yarda, amma da sharaɗi. Mutanen Jidda sai rana ta faɗi suke fitowa bakin ruwa, shi kuma ya ce ba zai je cikin taro ba, da rana za a je, lokacin da ba kowa. Kuma bahar zai je gani, bai yi alkawarin komai ba. Muka ce mun ji. Da za mu fita, 'yata ta ɗauko arabiyyarsa daga bayan ƙofa ta ce ko zai gaji. Ya kalli keken ana sa shi a bayan mota, ya kau da kai.

Muka ci abinci a gidanta, muka fita ana dab da la'asar. Zafin Makka na sani, busasshe ne, ya ƙona ka ya bar ka. Na Jidda jiƙaƙƙe ne, kamar ka buɗe tukunyar dambu ka kanga fuska. Ina sauka daga mota abayata ta manne min a baya. Sai ga bahar. Na ɗauka zan ga ruwa mai yawa, amma ban ɗauka ba shi da ɗaya gefen ba. Warin gishiri da na kifi, ga wani sauti da yake yi a jikin duwatsu, ya zo ya koma, kamar mai barci. Na ce subhanallah, na riƙe murfin mota.

Hanyar kuwa kamar yadda ta faɗa take, ta miƙe har ido ya gaza. Kashi biyu ce. Akwai mai faɗi da aka shimfiɗa wa farin dutse, ta masu tafiya. A gefenta akwai siririya, an shafe ta da jan fenti mai duhu, sumul, an zana hoton keke a ƙasa nan da can. Bishiyoyin dabino a jere, benci jefi-jefi, inuwa kaɗan. Ba kowa sai masu shara da wani mai kamun kifi da ya lulluɓe kansa da tawul.

'Yata ta turo uban daga mota, ya sunkuyar da kai, ya ja mayafinsa ya rufe rabin fuska. Da muka iso kan farin dutsen na ce, "Bismilla, maigida." Ya tashi, ya kama hannuna. Kwale-kwalen nan suna ƙwas, ƙwas. Ya ja jiki har benci na farko, wanda in ka jefa dabino zai kai. Ya zauna.

"Na yi. Mu koma."

"Abuya, yanzu fa muka zo."

"Na ga bahar. Ruwa ne."

Na zauna kusa da shi na yi ƙasa da murya. Na ce ya dubi Allah ya ƙara ko zuwa benci na biyu. Na ce ya tuna abin da daktora ta ce. Na ce ni fa da ba na fita na fito saboda shi. Ya yi kamar da bishiya nake. A ranar na ji abin ya ƙare min. Na ce a raina, mun zo har ƙarshen ƙasa, daga nan sai ruwa, ba sauran inda zan kai shi.

Aka kira la'asar a wani ɗan farin masallaci da ke dab da ruwan. 'Yata ta tura shi har ƙofar maza, ya cire takalma, ya dafa bango ya shiga. Mu muka zaga ɓangaren mata. Ni da ban saba rana ba, ga baƙar abaya, ga kukan da na haɗiye, ina sallamewa na ji masallacin yana juyawa. Na daure na fito. A waje ba abin zama kusa sai arabiyyar da aka bari a bakin ƙofa, na faɗa cikinta. 'Yata ta taɓa goshina ta ce in jira, za ta je ta samo ruwan sanyi. Ta tafi da sauri wajen wani shago can nesa.

Ina zaune ido a rufe na ji muryarsa a kaina.

"Me ya same ki?"

"Jiri ne. Zai wuce."

Na ji ya zaga bayana, na ji motsi a aljihun da ke bayan keken, sannan na ji ƙarar birki, ƙat, an sake shi.

"Ɗaga ƙafarki ki ɗora a kan mataki, ya hajja. Tattara abayarki kada taya ta ci."

Ba muryar gida ba ce. Muryar aiki ce, wadda nake ji a bakinsa in yana kwaikwayon kansa. Na ɗaga ƙafa. Keken ya motsa.

Na ɗauka inuwar dabinon da ke gaba zai kai ni. Muka iso inuwar, muka wuce ta. Ko numfashin kirki ban yi ba, kamar wadda tsuntsu ya sauka a kafaɗarta. Sai na ga ya karkata keken ya hau jar hanyar.

"Maigida, wannan ta masu keke ce."

"Ta masu taya ce. A Safa da Marwa ma arabiyya da layinta. Ki bar ni da aikina."

Turin nasa ba girgiza, ba fizga. Shekara da shekaru ina jin labari, ban taɓa hawa ba sai ranar. Iska ta fara bugun fuskata, jirin ya sake ni. Bahar a hannun dama yana tafiya tare da mu. Benci na biyu ya wuce, na uku ya wuce, na bar dubawa. Ina jin numfashinsa a bayan kaina, da farko sama-sama, daga baya ya daidaita.

Sai ga ƙararrawa a bayanmu, ƙilin-ƙilin. Wasu masu keke ne, sun sa matsattsun kaya, kowa da hula kamar ɓarin ƙwarya. Na gaba ya ce, "Ya amm," wato baffa, "wannan hanyar keke ce." Maigida ko gezau. Ya ɗaga murya yadda yake yi a cikin cunkoso ya ce, "Tarig, ya hajj, tarig," wato a ba da hanya, alhali su ne a bayansa. Suka fashe da dariya, suka ratse suka wuce mu ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu, wani mai furfura a gemu, ya rage gudu ya jera da mu.

"Masha Allah. Amarya ce, ya amm?"

"Tsohuwar ajiya ce. Ba a samun irinta yanzu."

"Har ina za ka kai ta?"

"Inda ta biya."

Na ce, "Ban biya ko ƙwandalar halala ba, kuma ba zan biya ba."

Maigida ya ce, "Ka ji ko? Haka mutanenmu Takaru suke, sai an kai su Marwa su ce ba su da canji."

Mutumin ya yi dariya har kekensa ya karkace, ya ɗaga mana hannu ya tafi. Ni ma dariya nake, hawaye na zuba. Rabon da in ji ya tsokane ni na manta. Can sai ya fara karanta addu'ar da yake karanta wa alhazai a sa'ayi, yana yankawa gaɓa-gaɓa don mai hawa ya maimaita. Na riƙa maimaitawa. A raina ina cewa, ga jini yana sauka, ga hanyoyin suna buɗewa, gobe ma za mu zo, jibi ma, in ya so in tare a Jidda.

Wani abu ne ya dame ni a baya. Duk sanda taya ta ɗan hau wani abu, sai in ji ana zungurina a ƙugu ta cikin aljihun keken. Na miƙa hannu baya in gyara. Hannuna ya taɓa fata mai tauri, da igiya. A lokacin ne kunnena ya gaya min abin da ya daɗe yana ji. Babu ƙwas, ƙwas. Tun daga masallaci abin da ke bina a baya wani ɗan sauti ne mai laushi, faɗ, faɗ.

"Maigida, tsaya."

"Ba a tsayawa a tsakiyar zagaye."

"Ka tsaya, don girman Allah."

Bai tsaya ba, na sauke ƙafata ƙasa don in tare keken. Silifas ɗina ya fita, tafin ƙafata ya taɓa jar hanyar. Kaskon tuya ne. Na janye ba shiri, na kama taya da hannu, keken ya juya ya tsaya. Na diro na kalli baya. Sawunsa ne a jere a kan jan fentin, jiƙaƙƙu, har inda idona ya kai.

Na ce ya zauna a keken. Ya zauna yana haki yana murmushi, yana tambayata mene ne. Na durƙusa na ɗaga ƙafar dama. Fatar tafin ta tashi fari fat, ta yi ruwa. Na ɗaga ta hagu. Wannan ta riga ta fashe, fatar ta naɗe gefe guda kamar ledar da ta ji wuta, yashi ya manne a jan naman. Ya leƙo ya kalla kamar ƙafar wani ake nuna masa.

"Ban ji komai ba," in ji shi.

A Harami dutsen ƙasa sanyi gare shi ko da tsakar rana. Mai turi in ya shiga, takalmansa a aljihun arabiyya suke zama har ya tashi aiki. Da ya fito daga masallaci ya kama hannun keken, hannunsa ne ya ɗauki takalman ya sa su inda suka saba zama. Ya rantse min daga baya bai ma san ya yi ba.

Na cire ɗankwalin da ke ƙarƙashin mayafina na yaga biyu na naɗe ƙafafun. Na kira 'yata a waya, bakina ya kasa haɗa magana, sai "zo, zo" kawai. Na juya keken na fara turawa. Ban taɓa tura arabiyya ba. Na tura dama ta yi hagu, na tura hagu ta nufi ruwa. Shi kuma yana zaune yana ba ni umarni.

"Ba da hannu ake yi ba, ki sa ƙugunki. Kada ki kalli taya, ki kalli gabanki."

"Ka yi min shiru."

"To za ki zubar da alhajinki."

'Yata ta tare mu a guje da gorunan ruwa. Da ta ga ɗankwalin ya jiƙe ta saki gorunan a ƙasa. Ita ta karɓi turin har mota.

A asibitin Jidda suka wanke, suka yanke fatar da ta mutu, suka naɗe. Likitan ya tambaya yaya aka yi mai sukari ya taka ƙasa ba takalmi cikin zafin rana. Bayan 'yan kwanaki muka dawo Makka, aka shiga wanki da naɗi. Yanzu kuma an ce kada ya kuskura ya taka. Ni da na yi watanni ina roƙonsa ya tashi, na koma ina gadinsa kada ya sauko daga gado.

Ta dama ta fara haɗewa, sabuwar fata ta fito ja-ja. Ta hagu ta ƙi. Kullum aka buɗe, ramin yana nan, gefensa ya yi fari. Sannan ƙaramin yatsa ya yi duhu, na kusa da shi ya bi. Wari na fara ji tun kafin daktora ta faɗa, wani wari mai zaƙi-zaƙi da turaren wuta bai iya rufe shi ba. 'Yata kullum tana waya tana kuka, wai laifinta ne, ita ta ce a zo, ita ta tafi neman ruwa. Na ce ta bari, ba wanda ya cire masa takalmi.

Abin da ya fi ba ni haushi, a makonnin nan bakinsa ya buɗe. Abokansa suka dawo dubiya, yana kwance ƙafa a kan matashi yana ba su labarin kornish. Yadda hanyar take sumul, ko tsakuwa babu. Yadda ya hana masu keke hanya. Kullum nisan ƙaruwa yake yi, har wata rana na ji ya kusa kai ni garin Yanbu mai nisa. Da suka tafi na kasa haƙuri.

"Kana dariya, ƙafarka tana ruɓewa."

"Da ina zaune ma ruɓewa take yi. Ke kika faɗa, daktorarki ta faɗa."

"Da ka sa takalmi da yanzu muna can muna tafiya."

Ya kalli silin. Can ya ce, "Na sani." Na ɗauki kwanukan gahawa na fita.

Aka tura mu babban asibiti. Likitan fiɗa ya duba hotuna, ya latsa nan da can da abin hannunsa, ya yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Yatsun sun tafi, babu zancensu. Za su buɗe su gani. In suka yanka suka ga nama mai rai yana jini a tsakiyar ƙafar, nan za su tsaya, kuma mutum yana iya tsayawa a kan abin da ya rage. In ba su gani ba, sai su hau har ƙasan gwiwa. Ba zai iya cewa wanne ba sai ya shiga.

Maigida ya ce, "Likita, ka yi ciniki da kyau. Kada ka ba su fiye da abin da suka tambaya."

Da sassafe suka shiga da shi. Na zauna a kujerar ƙarfe a baranda, 'yata a gefena tana jan carbi a waya. Duk addu'ar da na sani ta gudu, sai guda ɗaya nake ta maimaitawa, ya Allah diddige, ya Allah ka bar masa diddige. Duk ƙofar da ta buɗe sai na miƙe. Aka kira azahar, ban iya barin wurin ba sai da 'yata ta ja ni.

Da suka fito da shi yana barci, an rufe shi da farin mayafi har ƙirji. Nas tana yi wa 'yata bayani, ban tsaya ji ba. Na bi gadon har ɗaki, na tsaya a ƙarshensa. Ta saman mayafin na fara, na ɗora hannu a gwiwarsa ta hagu na gangara. Ƙwauri yana nan. Na ƙara gangarawa, idon sawu yana nan. Na ɗaga mayafin. An naɗe ƙafar da bandeji, ta yi gajere, dunƙule kamar hannun jariri, rabinta babu. Na zura hannuna ta ƙasa na tallabo diddigen. Ta cikin bandejin na ji ɗumi.

Ban san ya farka ba sai da na ji muryarsa, a shaƙe.

"Me suka bar min?"

"Sun bar maka diddige."

Ya lumshe ido. Na ɗauka ya koma barci. Can ya ce, "Riƙe min shi tukuna."

Na jawo kujera da ƙafata na zauna, ban saki ba.